Layin da Ke Cikin Kwali

Wata biyu na yi a hannun mutanen daji. Wanda ya nuna masu gidana ɗan unguwarmu ne, kuma da layin waya ya yi aikin. Tun da na dawo Wurno ban ƙara yarda da ƙaramin abu mai sheƙi ba.

Ranin da ɗan ƙanwata ya dawo daga karatu a ƙasar waje, ya zo da wani abu cikin ɗan kwali. Bai kai farcen babban yatsa ba. Ya nuna wa 'yan kabu-kabu a tasha, ya ce masu akwai layi da yawa a ciki. Kwana uku bayan haka anka kwashe shanu a hanyar Kwargaba. Magana ta tashi: abin nan ne ke gaya wa ɓarayi inda dukiya take.

Shugaban 'yan sa-kai ya iske ni a fadama ina ba albasa ruwa. Ya ce don ni sunka dakata. Kafin la'asar, ko in tsaya ma ɗan ƙanwata, ko in miƙa shi. Na san abin da ake yi wa infoma. Na taɓa ɗaukar gawar ɗaya.

Na aika anka kira shi, ya zo da kwalin. Mutum ne mai shekara talatin da wani abu, amma ban ce ya zauna ba.

"Mi ke cikin kwalin ga?"

"Silikon ne, Kawu. Daga yashi ake tace shi."

"Yashi ba ya da layi."

"Wane layi?"

"Wanda ka faɗa a tasha. Da wa kake waya?"

Fuskarsa ta canza. Sai lokacin ya gane abin da sunka ji.

"Kawu, ba layin waya ba! Zane ne, hanya. Kamar lambatun ga naka, sai dai haske ke bin shi, ba ruwa ba. Gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba."

"Haske na buƙatar lambatu?"

Ya ce suna harba hasken ne guntu-guntu, gajeren da ƙiftawar ido ta yi masa tsawo ƙwarai. In kaɗan ne, ya wuce lafiya. In ya yi ƙarfi a wurin da ya matse, sai halinsa ya sake, har wani launi ya fito wanda ba su zuba ba. Na ce ya nuna mini. Ya ce sai da injin da ya baro can, kuma ido ba ya ganin irin hasken.

Maƙaryaci ma haka zai ce.

Sai na yi masa tambayar da nake yi wa duk mai neman aikin ban ruwa.

"In ka ninka abin da ka zuba, ninki ke isa ƙarshe?"

"A'a. Silikon ɗin na shanye hasken bibbiyu in ya yi cunkoso. Kana ƙarawa, asara na ƙaruwa. Shi ke hana ni barci shekara uku."

Na dubi lambatuna. In na sake masa ruwa fiye da ƙima, gefe yake ci ya zube, fangalin ƙarshe ya kwana da ƙishi. Duk wanda ya taɓa zuwa ya cuce ni, riba ya faɗa mini. Wannan asararsa ya faɗa.

Gab da la'asar na tafi wurin shugaban. Na ce layin zane ne, ba ya kiran kowa. Na ce in an kama ɗan ƙanwata da wani abu, a fara da ni. Ya dube ni, ya ce in tafi.

Kwalin kuwa ban mayar masa ba. Ya roƙa, na hana. Yana cikin gwangwanin da nake aje irin albasa, murfi a rufe. Shi ya koma karatunsa da ransa. Ni har yau ban ga hasken ba.