Ranar da jijjiga ta kusa raba mu da gidan haya

"Maman Ummi, ku nemi wani gida. Ba na zama da mai farfaɗiya."

Hajiya mai gidanmu ke nan a unguwar Wambai, zamanin soja, bayan zazzaɓi ya sa 'yata jijjiga.

Na ce, "Hajiya, likita ya ce zafin zazzaɓi ne. Farfaɗiya maimaituwa take yi ko babu zazzaɓi, kuma ita ma ba a ɗauka."

Ta taɓe baki. Yayarta na gefe tana tsintar shinkafa, ta ce, "Irin wadda Bashir ɗinki ya yi yana goye? Shi ina kika kora shi?"

Bashir ɗan Hajiya ke nan, injiniyan Abuja, wanda kullum ake mana gori da shi.

Shekara shida muka ƙara a gidan. Ku wace tsohuwa ta taɓa cetonku?