Wa Ya Ɓata Wa Rakiya Rai?

Shekara bakwai ke nan, amma har yau in murfin tukunya ya faɗi a ƙasa sai gabana ya yanke. Da irin wannan ƙarar abin ya fara, wata rana da hantsi a gidanmu na Kafanchan. Na leƙa madafi na tarar da ƙanwata Rakiya a durƙushe, ta dafe kai. "Yaya, kaina kamar an maka mini taɓarya," ta ce. Ba ta ƙara magana ba.

Daga asibitin garinmu aka tura mu Kaduna. Likita ya ce jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Jiki ya firgita, ya kwararo sinadaran tashin hankali, su kuma suka bugi naman zuciya har ta kasa harba jini yadda ya kamata. Ya ce kafin ranar zuciyarta lafiya lau take. Daga kai masifar ta sauko. Kan su shawo kan ciwon ƙwaƙwalwar, zuciyar ta gaza. Allah ya karɓi abarsa.

Mu dai da muka dawo gida, "zuciya" da "tashin hankali" kawai suka biyo mu. A wajenmu kuwa ciwon zuciya ba ya zuwa haka nan, sai an ƙunsa wa mutum baƙin ciki. Sai mata suka shiga tambaya a zaman makoki: wa ya ɓata mata rai? Wata maƙwabciya ta ce ai da safen ta ji Rakiya tana yi wa 'yarta Ummi faɗa, don ta kifar da ruwa a kan cittar da aka shanya. Ummi na zaune a jikina. Shekararta biyar.

Yanzu a hannuna take, ta yi tsawon uwarta, har da wushiryar. Amma in an baza citta a tsakar gida, ta bayan ɗaki take zagayawa. Rakiya da faɗanta ba ya kai azahar, da za ta ga wannan, da ta yi kuka.

Na maimaita wa yarinyar bayanin likita ba sau ɗaya ba, na ce kwana ne ya ƙare, na haɗa da addu'a. Jiya ma na sake, muna tsintar shinkafar sadaka. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Na gane, Inna. Amma da ban zubar da ruwan ba, ai da kalmarta ta ƙarshe gare ni ba faɗa ba ce."