Haihuwa Huɗu, In Ji Inna

Saƙon ya shigo wayata ranar Talata da hantsi, ina tsakar gida ina ɓarar wake. Wani ƙaramin gidan likita a Ƙonni yana neman ma'aikaciyar jinya guda ɗaya a ɗakin awon ciki, kuma an kira mu shida a gana da mu ranar Litinin. Wata biyar ke nan da na gama lakwal, wato makarantar koyon jinya, a Tawa, na dawo Tsarnawa da takardar shaida a cikin leda. Ina son aikin nan sosai, don daga Ƙonni zuwa gida tafiya ce gajera. Idan na samu, zan riƙa kwana a ɗakin kakata, wadda ta goya ni tun yaye. Idan ban samu ba, sai in nemi aiki a nesa, in bar ta da ciwon gwiwarta.

Kwana biyu na yi ina haddar amsoshi da Faransanci a gaban madubi: me ya sa na zaɓi jinya, me zan yi idan mai ciki ta suma, sau nawa ake wanke hannu. Ranar Alhamis na kira wata malamarmu ta lakwal. Ta ce in rage hadda. Ta ce babbar ungozomar gidan likitan, wadda kowa ke ce wa sazfam, ba ta cika damuwa da dogon jawabi ba. Takan ba mutum mace mai ciki da sabon katin awo, ta koma gefe tana kallo.

Don haka ranar Juma'a da safe, bayan an sha koko, na sa farar rigata, na jawo benci ƙarƙashin dalbejiya, na ɗauko abin awon jini da takarda. Na ce yau matan gidan nan duk marasa lafiyata ne.

Kaka ce ta fara zama, tana gyara zani kamar an kira ta buro, ofishin hukuma.

"Shekarunki nawa, Kaka?"

"Rubuta ashirin da biyar."

"Kaka, don Allah."

"Ke likita ce ko jandarma? An haife ni shekarar da fara ta cinye gero. Je ki tambayi farar."

Na ɗaura mata abin awo a hannu. Da ya fara matse ta sai ta ce, "Wannan ba awo ba ne, ramuwa ce. Duk dukan da na yi miki kina ƙarama shi kike biya." Jininta lafiya lau yake, ya fi na wasu 'yan mata.

Sai Inna. Da ƙyar ta yarda ta bar turmi. Ta zauna a bakin benci, ta juya fuska wajen rumbu, ta miƙo min hannu ba tare da ta dube ni ba. Haka muke da ita tun ina iya tunawa. Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son in kawo ruwa sai ta ce, "A ce wa waccan ta kawo ruwa," ko da kuwa mu biyu ne kaɗai a tsakar gida.

Na bi tambayoyin katin ɗaya bayan ɗaya, da muryar da aka koya mana.

"Haihuwa nawa?"

"Huɗu."

Na rubuta huɗu. Na wuce zuwa tambaya ta gaba, ko ta taɓa yin ɓari. Ina cikin rubutu sai na ji Kaka ta yi gyaran murya.

"Likita, lissafa min ƙannenki."

Na lissafa su a yatsu. Huɗu ne.

"To ke fa? Daga rijiya aka jawo ki?"

Matan gidan suka fashe da dariya, har matar baffana ta saki tsintsiya. Inna ta zare hannunta daga abin awon, ta koma wajen turminta, amma na ga kafaɗunta suna motsi. Ni kuwa na tsaya ina kallon takardar. Na san al'adar nan kamar yadda na san hanyar rijiya, ni ce ma wadda ake tsallakewa a lissafin. Amma da na sa farar riga na riƙe biro, sai na karɓi abin da aka faɗa na rubuta, kamar baƙuwa.

Da dariya ta lafa na tambayi Kaka yadda zan yi. Ba zan iya ce wa mace ta yi ƙarya ba, ba kuma zan tilasta mata faɗin abin da take jin kunyarsa ba. Amma haihuwar fari ce ta fi ba ma'aikaciyar jinya labari: ko ta yi doguwar naƙuda, ko ta zubar da jini, ko an yi mata aiki.

Kaka ta ce, "Ba a tambayarta kai tsaye. In ta ba ki lissafi, ki sassauta murya ki ce, banda na wajen tsofaffi? Ba sai ta buɗe baki ba. In ta sunkuyar da kai, ki ƙara ɗaya. Sauran labarin ki nema wajen wadda ta rako ta. Wa ke zuwa likita ita kaɗai?"

Na rubuta wannan a bayan takardar, ƙarƙashin amsoshin Faransanci.

Ranar Lahadi da la'asar na dawo daga shagon hoto, inda na sake buga takarduna, na tarar da farar rigar a kan gadon Kaka, an wanke ta, an goge ta da dutsen guga na gawayi, har layin hannun ya fito tsaf. Na ce, "Kaka, da gwiwar taki?" Ta ce ita ba ta taɓa ta ba. Ban ƙara tambaya ba.

Litinin da sassafe na shiga mota zuwa Ƙonni, rigar a ninke cikin leda a kan cinyata. A gidan likitan aka zaunar da mu a baranda, ana kiran mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ce ta huɗu. A cikin buro akwai likita da sazfam, wata dattijuwa mai gilashi da ba ta murmushi. Likitan ya yi min tambayoyi uku da Faransanci. Biyu na amsa daidai, ta uku na yi tuntuɓe a kan adadin wani magani, na gyara da kaina. Sazfam ta miƙe ta ce in biyo ta.

A ɗakin awo aka shigo da wata Bafulatana daga wajen Alela, cikinta ya kai wata bakwai, karon farko ke nan da ta zo gidan. Yayarta ce ta rako ta, ta ajiye ƙwaryar nono a bakin ƙofa. Na gaishe su, na tambayi shanu da mutan gida, sannan na buɗe kati.

"Haihuwa nawa?"

"Uku."

Biro ya riga ya taɓa takarda kafin na tsayar da shi. Na sassauta murya.

"Banda na wajen tsofaffi?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai. Yayar ta yi dariya ta ce, "Kai, wagga likita ɗiyar gida ta." Na rubuta huɗu. Sannan na juya wajen yayar na tambaye ta yadda waccan haihuwar ta kasance. Ta ce a gida aka yi ta, kuma jini ya zuba sosai, har sai da aka ɗauke ta a amalanke zuwa likita. Na rubuta shi a inda ake rubuta abin lura, na ja layi a ƙarƙashi. Na gaya musu cewa wannan karon a zo nan a haihu, kada a jira naƙuda ta yi nisa.

Da suka fita, sazfam ta karɓi katin ta duba.

"Wa ya koya miki wannan tambayar? Ba a lakwal ba dai."

"Kakata ce, Hajiya."

"Tana raye? Shekarunta nawa?"

"Ashirin da biyar, in ji ta."

Ta cire gilashi ta yi dariya har da tari. Bayan azahar aka sake kirana buro. Likitan ya ce in zo farkon wata da rigata da hotuna biyu.

Da na isa gida ban kai ga sallama ba Kaka ta karanta fuskata. Ta rangaɗa guɗa, gwiwar ma ta manta da ita, maƙwabta suka fara shigowa. Inna tana bakin murhu, ba ta waiwayo ba. Ta bari aka gama hayaniya, sannan ta ce wa Kaka, "A ce wa waccan ta ajiye rigar a wanke. Kuma akwai zabo a tukunya."

A gidanmu ba a yanka zabo sai da Salla, kuma wannan tun da safe aka yanka shi, kafin kowa ya san abin da za a ce min a Ƙonni. Na zauna kusa da Kaka na ci, ita tana tsame cinya daga kwanona tana cewa ladan koyarwa ne.