Gaiwar Gindin Giyayya

Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, tun ina saurayi Inna ke cewa ƙaiƙayi ne a tafin ƙafata. Shi ya sa da masu awon ƙasa suka zo Haɗeja suna neman wanda zai riƙe musu sanda, ban yi shawara da kowa ba na bi su. Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa, ko'ina ka juya maganar dam ɗin da ake ginawa can sama wajen Kano ake yi, da noman rani, da alkama. Aikina in tsaya bakin kogi riƙe da doguwar sanda mai zanen ja da fari, maigidanmu yana leƙe ta madubinsa yana ɗaga mini hannu. An ba ni keke da wandon kaki, ina ta hura hanci kamar ni zan juya kogin.

Baba masunci ne, kuma gidanmu na da tafki a fadama. Duk shekara in kogi ya cika ya malala, ruwa kan shiga tafkin da kifinsa. In rani ya yi ya ƙafe, sai a shiga haƙar gaiwa. Ita gaiwa ba ta bin ruwa in zai tafi. Nutsewa take yi cikin laka ta naɗe, ƙasa ta bushe a kanta, tana jiran damina, an ce jikinta take ci kafin ruwa ya dawo. Ko'ina ana haƙa, ban da gindin giyayyar da ke gabas da tafkin. Na nan iri ne, tun zamanin kakan Baba ba a sa musu fartanya. Na taɓa gwadawa ina yaro, har yau ban manta da tsumagiyar ba.

Wata rana aka aike ni Kano da takardun awo, wani abokin aikina ya ja ni silima. Fim ɗin Turawa ne, ba na jin ko rabin abin da suke faɗa, amma labarin a fili yake. Wani likita mai farar riga ya zuba magani a ruwa don kifi ya yi girma mutane su ƙoshi. Kifin ya yi girma, ya yi ƙafafu, ya fito tudu yana haɗiye jama'a. Kowa na ganin mutum ne cikin rigar roba, ga ɗinki nan a gadon bayansa, har agogonsa ya taɓa leƙowa. Muka yi ta ihu, "Bayanki! Bayanki!" wai muna gargaɗin wata Baturiya mai wanka. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Daga nan duk sanda aka aike ni sai na nemi irinsa: na gizo-gizo, na tururuwa, na ƙadangare. Duka abu ɗaya ne, mai farar riga ya taɓa abin da ba a aike shi ba.

Da na dawo na ba Baba labarin kifin, yana zaune a zaure yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Har tashi na yi ina kwaikwayon tafiyar dodon. Bai yi dariya ba.

"Shi likitan, mugu ne?" in ji shi.

"A'a, Baba. So yake ya kashe yunwa."

"Ya tambayi masu ruwan?"

Na ce fim ne kawai. Ya ce to, ya ci gaba da ɗinkinsa. Haushi ya kama ni, na ce a raina tsofaffi ba su san wasa ba.

A shekarar ruwa bai iso tafkinmu ba. Ya zo har bakin gonar maƙwabcinmu ya tsaya, ya koma. Baba ya ce gaiwa na da haƙuri, za ta kai baɗi. Baɗi ta zo, ko gonar maƙwabcin bai kai ba. Wasu suka ce fari ne, wasu suka ce dam ne ya riƙe ruwan a sama. Maigidanmu ya ce in yi haƙuri, nan gaba ta magudana za a riƙa kawo ruwa, a kan lokaci, ba yadda kogi ya ga dama ba. Ni dai na san na riƙe sanda. Na kasa zama a gida, na kasa zama a wurin aiki. In na tashi sai in hau keke in nufi bakin kogi in duba inda ruwa ya kai, in dawo, in sake komawa. Baba bai taɓa ce mini uffan ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A damina ta uku, da ta tabbata ruwan ba zai zo ba, sai ya tashe ni da safe. Fartanya na kafaɗarsa, ya miƙo mini babbar ƙwarya da tulu.

"Kai, ɗebo ruwa ka same ni a giyayya."

"Baba, na iri fa?"

"Su za mu kai wa kogi, tun da shi ya ƙi zuwa."

Na same shi a durƙushe yana neman ƴan ramukan da gaiwar ke shaƙar iska ta ciki. Ƙasar ta yi tauri, ta tsattsage har hannu na shiga. Ya yi bismilla ya sara a wurin da ubansa da kakansa ba su taɓa sara ba. Ta farko ta fito a naɗe cikin ɓawonta. Ya sa ta a ƙwarya, na zuba ruwa, muka zuba mata ido. A da, kafin ka ƙirga yatsunka ta motsa, har cizo take kaiwa. Wannan sai ta taso saman ruwa kamar busasshen kara. Ya haƙo ta biyu, ya haƙo ta uku. Har rana ta take muna yi, ni ina ta kai-komo da tulu, ina roƙon Allah ko ɗaya ta motsa. Babu wadda ta motsa.

Ya zauna a kan tushen giyayyar yana haki. Can ya ce, "Wannan fim ɗin naka. Da kifin ya gama ɓarna, me ya sami likitan?"

"Kifin ya cinye shi, Baba."

"To ka ga, shi ko ba komai ya zo ya gani da idonsa."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce bari in mayar da su ramin in rufe. Ya girgiza kai, ya zaɓi wadda ta fi girma ya naɗe ta a gefen rawaninsa da ya yage, ya ɗaura mini a bayan keke da kansa, ya ja igiyar sau biyu don kada ta faɗi a hanya.

"Gobe in ka je aiki," ya ce, "ka ba maigidanku ya auna."