Ranar da Kawu Ya Busa Usur

An daɗe, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa na cuɗa wani abu da wani.

Kawuna alƙalin kokawa ne a Tudun Wada. In kaka ta yi, har daga ƙetaren iyaka, inda Faransa ke mulki, ake aiko masa ya je ya yi alƙalanci. Ya samo rawani a Maraɗi, bargo a Damagaram. Da baki yake aikinsa: hannu ko gwiwa na taɓa ƙasa sai ya daka tsawa, "Ya faɗi!"

Shekarar da na gama kwaleji, wani Baturen mulki ya kalli wasa, abin ya burge shi, ya ba Kawu usur na ƙarfe. Ni na yi tafinta. Da Baturen ya tafi, na tuna wa Kawu cikin ladabi cewa a garin nan babu mai busa usur sai 'yan sanda, in sun zo kwasar maza aikin dako.

Ya ce, "Malam, boko ya sa maka tsoro."

Ba a jima ba wani ƙaton Damagaram ya zo karawa da namu, wani mahauci ɗan Tudun Jukun. Baƙin sun faɗa wa Kawu gaba da gaba: in ya yi son kai, ba za su ƙara kiransa ba. Riƙo ya yi tsawo, Kawu ya so ya raba su, sai ya busa.

Ban taɓa ganin fili ya watse haka ba. Makaɗa suka zubar da ganguna, mai ƙosai ta bar kaskonta a wuta. Mahaucin ya fizge ya arce, ya yi tuntuɓe da ganga, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Baƙon kuwa ya tsaya yana waige-waige, don a ƙasarsu, in ji su, ƙaho 'yan sanda ke busawa.

Kawu ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Ya faɗi!" Ya ɗaga hannun baƙon.

Mahaucin ya ce daga ƙasa, "Haba Baba! Wa ya kayar da ni?"

"Ban tambayi wa ba. Hannunka na ina?"

Damagaram ta ci gaba da kiransa har ya tsufa. Tudun Wada kuwa ba a sake ba shi fili ba.

Har yanzu mahauta na cewa gangar tana wajen da'ira. Ni a ciki na gan ta, amma daga bayan katanga nake leƙe. Duk wanda ya fi ni kusa, don Allah ya aiko da gyara.