Baƙonmu na Kowane Mako

Shi ke fara zuwa taron ƙungiyar unguwarmu. Dattijo ne siriri, rigarsa ta sha guga, ƙafar tabaransa ɗaya ɗaure da zare. Kafin kowa ya iso ya jera kujeru ya goge su da hankici, sannan ya zauna a ta ƙarshe. A takardar mahalarta yakan rubuta lambar wayarsa ɓaro-ɓaro, ya sake bin ta da biro. Ina jin ritaya ya yi ya dawo kusa da 'yarsa, zaman gida kuma ya ishe shi.

Yau zuwansa na bakwai ke nan, amma shugaba ya sake cewa, "Jama'a, a yi wa baƙonmu maraba."

Ana tafi, shi kuwa yana murmushin yaƙe.

"Ranka ya daɗe, ai kullum ina nan," in ji shi a hankali, amma tuni an shiga maganar kwata.

Abin yana ƙona mini rai. Mu talatin, an rasa mai tambayar sunansa. Ina cikin tsaki sai na tuna ni ma ban taɓa tambaya ba.