Tuwon Sallar da Ya Tona Ciwon Ummata

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya same ni, ko wata mai irin halina za ta tsinci wani abu a ciki. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama sakandare ba. Ina gaban mahaifiyata a unguwar Sheshe, mu biyu ne a sashenmu tun rasuwar Babanmu, yayana kuma aiki ya kai shi wani gari. Ni mutum ce mai gaggawa, bakina kuma ba shi da linzami, abin da ya zo mini shi nake faɗa ko a gaban wa. Umma takan ce ko ranar haihuwata ungozoma ba ta gama cire mayafi ba na faɗo, don haka ba ta mamakin halina.

Umma tana da wata aminiya a unguwar Madabo da muke kira Inna, Bafulatana ce siririya mai yawan tsokana. Tare suka yi makarantar allo, tare suka yi 'yan matanci. Tun kafin a haife ni suke da wata al'ada: duk ƙaramar Sallah Umma za ta saya wa Inna takalmi da mayafi, ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe a kai mata, ita kuma Inna ta maido da kwanon da fura da man shanu a ciki. Da na girma aiken ya dawo kaina, kuma ba abin da na tsana kamarsa. Inna ba ta yarda ka dire kwano ka juya ba. Sai ta zaunar da kai, ta buɗe a gabanka, ku ci tare, tana tambayar lafiyar kowa har akuyar gida.

A waccan shekarar, ana gobe jajibere muka tafi kasuwar Ƙofar Wambai sayen kayan Inna. Wanda ya san kasuwar a ƙarshen azumi ya san abin da nake nufi: ba wurin sa ƙafa, masu baro suna ta a ba su hanya, ga rana, ga ƙishirwa. Umma kuma tafiya take kamar mai taka ƙwai. In na yi gaba sai in waiwayo in hango ta can baya ta dafa rumfar wani. Na ce mata in haka za mu yi sai an sha ruwa muna nan. Ta ce kanta ne yake ɗan sarawa, in yi haƙuri. A wurin mai takalmi, da yake ƙafarsu ɗaya da Inna, ita take gwadawa. Ta sa na dama ya zauna daidai, ta sa na hagu, tana ɗaga ƙafa ya zame. Ta sake sawa ya sake zamewa. Mai takalmin ya ce Hajiya ai lambarki ce, ƙafar ce ba ta riƙe shi ba. Ni kuwa na ce masa ya daina yi mana daɗin baki, takalminsa ne ɗaya ya fi ɗaya. Na sa ya ƙulle mana a leda, na ja hannun Umma muka fito. Ko mayafin ma ban bari ta zaɓa ba, na farkon da hannuna ya kai shi na ɗauka.

Ranar Sallah na shirya da ƙawayena za mu fita wajen gari, mu ci abinci a wani sabon wuri mu yi hotuna. Na sha lalle, na sa sabon leshi, waya sai ƙara take. Umma ta kira ni daga madafa ta ce in zo in tuƙa mata tuwon, hannunta ba ƙarfi. Maganar tana fita da nauyi, kamar wadda aka tasa daga barci. Na ce mata yanzu fa na yi wanka, hayaƙi zai kama mini kaya, kuma ai ita ce kullum take cewa tuƙina na malalata ne. Ta kama tuƙin da kanta. Ina jin ƙarar muciya a hankali, tana yi tana tsayawa, har ta gama. Ta zuba a kwanon samira, na ɗaure da ɗankwali, na haɗa da ledar takalmi na fita, ko fuskarta ban kalla ba.

Niyyata in miƙa a tsaye in wuce. Inna tana ganina ta ce ga jirgin sama ya sauka, a ba shi tabarma kafin ya tashi. Na ce mata yau kam sauri nake, ana jirana. Ta ce masu jiran nawa in sun gaji su tafi, ita tuwon ƙawarta ba ta taɓa ci ita kaɗai ba, ba kuma za ta fara a kaina ba. Na zauna a gefen tabarma ina cika ina batsewa. Ta wanke hannu ta buɗe kwanon, sai na ga ta tsaya. Malmalar Umma kowa ya san ta, santsi gare ta kamar ƙwai. Waɗannan kuwa a karkace suke, wata ma ta rabe biyu. Ta gutsura, ga gudaji. Ta dangwali miya ta kai baki, ta ajiye hannu. Ta tambaye ni wa ya yi girkin. Na ce Umma mana. Ta ce in ɗanɗana. Gishiri ne kamar an juye kwalbar gaba ɗaya. Da bakin nan nawa na ce ai tsufa ne ya fara kama Umma, sai haƙuri.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta fara jero mini tambayoyi, a hankali, idonta a kaina. Yaya maganar Umma take da safe, ko wani abu ya suɓuce mata daga hannu, ko ta yi kukan ciwon kai. Ina amsawa ina gane cewa duk abin da ta tambaya na gani da idona na wuce. Da na ba ta labarin takalmin da ya ƙi zama a ƙafar hagu, sai ta miƙe. Ta ce haka marigayi mijinta ya fara, butar alwala ce ta riƙa faɗuwa daga hannunsa suna cewa santsi ne. Ta ce ƙawarta ko zazzaɓi take yi ba ta yin tuwo mai gudaji. Ta zura sabon takalmin da na kawo don shi ne kusa, ta yafa mayafi, ta bar kwanon a buɗe. Tsohuwar da nake wa kallon mai ɓata mini lokaci, ranar ni ce nake bin ta a baya cikin lungu ina haki.

Mun tarar da Umma a ƙasa bakin madafa, ta jingina da bango, bakinta ya karkace, tana ƙoƙarin ɗaura kallabi da hannu ɗaya. Ta gan mu tana son magana, maganar ta ƙi fita. Inna ce ta leƙa ta kira maƙwabta, da yake Adaidaita ba ya shiga lungunmu, a tabarma suka ɗauke ta har bakin titi, da manyan rigunansu na Sallah. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin jiki. Ashe tun farkon azumi ta ajiye maganinta, wai yana sa ta jiri da rana, ba ta gaya wa kowa ba. Ya ce da an bar ta har yamma da labarin ya sha bamban. Sannan ya tambaya yaushe aka fara ganin alama. Inna ta dube ni, ta kawar da kai. Ni na buɗe baki na ce tun a kasuwa, kuma ina tare da ita.

Har yau Inna ba ta taɓa goranta mini ba. Ita ta yi jinyar tare da ni, tana ba Umma kunu a cokali tana tsokanarta wai ta yi wannan dabarar ce don kada ta biya bashin tuwo mai kyau. Ranar da aka sallame mu ta zo da kwanon samirar nan, an wanke shi tas, da fura da man shanu a ciki. Ta ce kwano ba ya kwana a gidanta ya koma ba komai, ko da gishiri aka aiko mata. Umma ta yi dariya da rabin baki, ni kuma na shige ɗaki na yi kukan da ban samu yi a asibiti ba.

Alhamdulillahi, maganar Umma ta dawo, tana tafiya da ƙafarta, sai ɗan jan ta hagun da take yi. Na gode wa Allah, na gode wa maƙwabtanmu, na gode wa matar da ta san hannun ƙawarta a cikin miya fiye da yadda ni na san fuskar uwata. Ba zan ce na zama mai sanyin hali ba, har yanzu bakina yana riga ni. Amma na gane iyayenmu ba sa cewa ba su da lafiya. Sai dai su ce kai yana ɗan sarawa, ko a zo a taya su tuƙi. 'Yan uwana mata, in uwa ta nemi ki karɓar mata aikin da ba ta taɓa bari kowa ya yi mata ba, ki ajiye wayar ki kalle ta da kyau. Mai shan maganin hawan jini kuma kada a bari ya ajiye don azumi sai an tambayi likita. In kuma an aike ki gidan tsohuwa ta ce ki zauna, ki zauna.

Sallar da ta wuce ni na tuƙa tuwon, ni na kai Madabo, na zauna ba tare da an roƙe ni ba. Inna ta gutsura, ta juya lomar a hannu, ta ce akwai gudaji, amma wannan na lalaci ne ba na ciwo ba, don haka in matso mu ci.